Sinadarin Folik A Abincin Dabbobi: Inda Kuɗin Mai Kiwo Ke Dawowa Da Inda Yake Salwanta

LAFIYA, Jihar Nasarawa. A cikin tan guda na abincin da ake haɗa wa aladu masu tasowa, abin da ake bukata na sinadarin folik asid bai kai rabin giram ba. Duk da wannan ƙanƙanta tasa, sunansa yana cikin jerin da ake bugawa a jikin buhunan gaurayen bitamin, wato abin da 'yan kasuwa ke kira firimis, kuma mai kiwo yakan rasa wanda zai gaya masa ko ya kamata ya ƙara kuɗi dominsa.

Amsar da binciken masana ya bayar a taƙaice ita ce: alade mai tasowa, wanda ke cin abincin da aka haɗa da masara da waken soya, da wuya ƙarin folik ya sa masa ko da kilo guda na nama. Amma macen da ake ajiyewa don haihuwa, da 'yan tsakin kaji, da dabbar da aka daɗe ana ɗura mata magani, lissafinsu dabam ne. Sanin wannan bambanci shi ne ke raba mai kashe kuɗi a wurin da za su dawo da mai zuba su a rariya.

Abin da ya sa zancen ya shafi ɗan kasuwa

Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba sa kiwon alade, domin addinin Musulunci ya haramta namansa. Sai dai Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, jiha ce mai ƙabilu da addinai dabam-dabam, kuma kiwon aladu tsohuwar sana'a ce a ƙauyuka da yawa na yankin, haka nan a Binuwai da Filato da kudancin Kaduna. A Katsit, kusa da Kafanchan, akwai kasuwar aladu mai ci ranar Alhamis, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, fatake kuma sukan zo mata tun daga kudancin ƙasar nan.

Dabbobin nan abinci suke ci, abincin kuwa daga kasuwa ɗaya yake fitowa da na kaji da na kifi: masara, da dawa, da waken soya, da ƙuliƙuli, da dusar shinkafa daga injinan casa na Lafiya, da ɓawon rogo. Saboda haka dillalin hatsi, da mai injin haɗa abincin dabbobi, da mai kantin magungunan dabbobi, da jami'in banki mai duba takardun neman rance, kowannensu yana da hannu a cikin wannan ciniki. Bugu da ƙari, abinci shi ne ke cinye kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon aladu da kaji na zamani. Kuskure kaɗan a haɗa shi yakan zama asara mai yawa idan aka ninka shi da adadin buhunan shekara.

Wani abin lura kuma shi ne, tsantsar bitamin da ake yin firimis da ita daga ƙasashen waje ake shigo da ita, musamman Sin da Turai. Ke nan farashinta yana bin farashin dala. Masu kiwo sun ga haka bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sun kuma sake gani bayan da aka sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yuni 2023.

Mene ne folik asid?

Folik asid ɗaya ne daga cikin dangin bitamin B, shi ne ake kira B9. Jama'a sun fi saninsa a asibiti, inda ake ba mata masu juna biyu ƙwayarsa. Tarihinsa ma daga can ya faro. A 1931 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills, wadda ke aiki a birnin Bombay na ƙasar Indiya, ta gano cewa wani irin ƙarancin jini da ke damun mata masu ciki yana warkewa idan aka ba su abin da aka tato daga yis. A 1941 wasu masana a Amurka suka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye. Kafin ƙarshen shekarun 1940 an riga an iya haɗa shi a masana'anta.

Aikinsa a jiki shi ne taimakawa wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, wannan kwafi kuwa ba ya yiwuwa sai da folik. Don haka wuraren da suka fi bukatarsa su ne inda ake rabuwa da sauri: ɓargo, inda ake yin jini, da bangon hanji, da kuma tayi a cikin mahaifa. Idan ya yi ƙaranci a jikin alade, girma yakan ragu, gashi ya koɗe, jini ya yi ƙasa. Yana aiki ne kafaɗa da kafaɗa da bitamin B12, shi ya sa rashin ɗayansu yakan yi kama da rashin ɗayan.

Nawa ake bukata?

Ma'aunin da masu haɗa abincin dabbobi suka fi dogara da shi a duniya shi ne na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, wadda aka fi sani da NRC. A bugun littafinta na bukatun aladu na 1998, da wanda ya biyo baya a 2012, majalisar ta ƙayyade miligiram 0.3 na folik a kowane kilo na abincin aladu masu tasowa. Wato giram 0.3 a tan guda.

Domin mai karatu ya ga ƙanƙantar abin, ga lissafi. A ce alade zai tashi daga kilo 20 zuwa kilo 90, kuma a ce yana cin kilo 3 na abinci kafin ya ƙara kilo guda. Zai ci kilo 210 ke nan kafin a kai shi kasuwa. Bukatarsa ta folik a duk tsawon wannan lokaci miligiram 63 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Gonar da ke ƙosar da aladu 100 za ta ciyar da tan 21, bukatarta duka kuwa giram 6.3.

To, daga ina wannan ɗan abu yake fitowa? Hanya biyu ce. Ta farko ita ce abincin kansa. Bisa ga teburan NRC, masara da dawa ba su kai miligiram 0.2 a kilo ba, amma tunkuzar waken soya, wato abin da ya rage bayan an matse mai, ta haura miligiram 1. Dusar shinkafa ta fi haka, yis kuwa ya ninka su duka. Idan aka haɗa abinci da kashi 70 na masara da kashi 25 na tunkuzar soya, folik ɗin da ke ciki zai zarce miligiram 0.4 a kilo, tun kafin a zuba ko da cokali guda na firimis. Ɗanyen ganye da ake jefa wa dabbobi a ƙauye, irin su ganyen dankali, shi ma yana ƙarawa.

Hanya ta biyu ita ce cikin dabbar. A babban hanjin alade akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani waɗanda ke ƙera folik, wani sashe nasa kuma yana shiga jiki. Wannan ne ya sa masu bincike na farko suka sha wahala kafin su ga alamun rashin folik a jikin alade. Sai da suka ba dabbobin abincin da aka tace, suka haɗa da magungunan da ke hana bakteriya aiki ko masu toshe sinadarin, sannan ciwon ya bayyana. Gwajin da aka yi a Jami'ar Illinois, wanda aka buga a 1983, ya ƙara folik a abincin masara da soya na aladu masu tasowa, ba a kuwa sami ƙarin girma ba. A kan 'ya'yan da aka yaye kwanan nan sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban, wani ya nuna ɗan amfani, wani bai nuna ba.

Abin da ke hana girma a zahiri

Idan aladu ba sa girma a gona, abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne abinci mai gina jiki da mai ba da ƙarfi. Alade mai nauyin kilo 20 zuwa 50 yana bukatar kimanin kashi 18 cikin 100 na furotin a abincinsa, bisa ga ma'aunin NRC na 1998, tare da kashi 0.95 na wani ginshiƙin furotin da ake kira laisin. Wannan ya kama kilo 9.5 na laisin a tan guda. Idan aka auna shi da giram 0.3 na folik, ya ninka shi fiye da sau dubu talatin.

Masara ba ta da isasshen laisin, ƙuliƙuli ma haka. Ɓawon rogo kuwa, wanda ake samu da araha a inda ake yin gari, kusan ba shi da furotin. Dusar shinkafar ƙananan injina sau da yawa a gauraye take da ƙaiƙayi, wanda ke cika ciki ba tare da ya gina jiki ba. Mai kiwon da ya rage waken soya don tsada, sannan ya sayi kwalbar bitamin ta ruwa don ya cike giɓi, ya yi asara sau biyu: ya cire abin da ke sa nama, ya kuma cire babban tushen folik ɗin da yake neman saye. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Sai dai kada a ɗauki wannan bayani a matsayin izinin barin firimis. Akwai bitamin da hatsi ba ya bayarwa. B12 babu shi sam a cikin abincin da aka haɗa daga tsirrai zalla. Nayasin ɗin da ke cikin masara a ɗaure yake, alade ba ya iya amfana da shi. Bitamin A da D da E da ribofilabin, da ma'adinai irin su zinki, duk sai an ƙara su ga dabbar da ke tsare a garke. Firimis ɗin da aka saba sayarwa a Nijeriya akan zuba kilo 2.5 nasa a tan guda, wasu kamfanoni kuma suna da nasu ma'auni a rubuce a jikin buhu. Abin da ake cewa shi ne, bayan wannan, sayen ƙarin folik don aladu masu tasowa ba ya biyan kansa.

Inda kuɗin ke dawowa

Macen alade tana ɗaukar ciki na kwana 114, tana kuma ɗauke da 'ya'ya da yawa a lokaci guda. Masana sun daɗe da sanin cewa kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tayin da aka ɗauka yana mutuwa a watan farko, ba tare da mai kiwo ya ga komai ba. A 1984 Jacques Matte da abokan aikinsa a lardin Kubek na ƙasar Kanada, suka nuna cewa folik ɗin da ke cikin jinin macen yana raguwa sosai bayan ta ɗauki ciki, kuma ƙara mata shi ya ƙara yawan 'ya'yan da take haifa. A 1989 Lindemann da Kornegay a jihar Bajiniya ta Amurka suka sami irin wannan sakamako da suka zuba miligiram 1 a kowane kilo na abinci: ƙarin ya kai kimanin ɗa guda a kowace haihuwa.

Ba kowane gwaji ne ya ba da wannan amsa ba, kuma amfanin ya fi bayyana ga matan da suka riga suka haihu sau biyu ko uku fiye da masu cikin fari. Duk da haka hujjar ta isa ta sa NRC ta ɗaga ma'aunin mata masu ciki da masu shayarwa daga miligiram 0.3 na bugun 1988 zuwa miligiram 1.3 a bugun 1998, fiye da ninki huɗu.

A nan ma lissafi zai taimaka. Mace guda tana cin kimanin tan ɗaya na abinci a shekara, bukatarta ke nan giram 1.3. Gona mai mata 10 tana bukatar giram 13 a shekara. Idan kowace ta haihu sau biyu, kuma aka sami ko da rabin ƙarin da waɗancan gwaje-gwaje suka nuna, an sami 'ya'ya 10 da ba a yi tsammani ba, alhali kuɗin gini da na ma'aikata da na abincin iyayen bai canza ba. Babu wani wuri a gonar da giram 13 na wani abu zai iya kawo irin wannan riba. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke yin firimis na iyaye dabam da na masu tasowa. Mai kiwon da ya sayi iri ɗaya ya zuba wa kowa, ko dai ya tauye iyayen, ko kuma ya yi wa masu tasowa almubazzaranci. Yana da kyau a fara ba mace abincin iyaye tun kafin barbara, domin asarar tayi a makonnin farko take faruwa.

Lokutan da ƙa'idar ke sauyawa

Akwai halaye uku da kan sa alade mai tasowa ya bukaci kulawa ta musamman.

Na farko shi ne magani. Magungunan dangin salfa, waɗanda ake yawan amfani da su don zawo da ciwon huhu, suna kashe bakteriya ne ta hanyar hana su ƙera folik, haka nan tirimetofirim da ake haɗa su da shi yana toshe wani mataki na wannan hanya. Maganin ba ya bambanta bakteriya mai cuta da mai amfani. Kwana uku ko biyar bisa umarnin likitan dabbobi ba abin damuwa ba ne. Amma al'adar zuba magani a ruwa ko a abinci mako bayan mako da sunan rigakafi tana rufe masana'antar da ke cikin hanjin dabbar, ban da cewa tana koya wa cututtuka jure wa magani.

Na biyu shi ne abincin da babu soya ko ganye a cikinsa, alal misali wanda aka gina a kan rogo da ragowar abinci. A nan tushen farko ya yi rauni, sai firimis ya zama shi ne madogara.

Na uku shi ne ajiya. Folik ba ya jure wa zafi da hasken rana da laima, kuma yakan lalace da sauri idan an gauraya shi da ma'adinai a buhu guda. Lafiya gari ne mai zafi, musamman a watannin Fabrairu zuwa Afrilu, damina kuma tana kawo laima. Buhun firimis da ya yi wata shida a ƙarƙashin rufin kwano ba shi ne wanda aka auna a masana'anta ba. Haka nan gasa waken soya wajibi ne, domin ɗanyensa yana hana narkewar furotin, amma ƙona shi yana lalata laisin da bitamin tare. Hatsin da ya yi hunhuna kuwa matsalarsa ta wuce ta bitamin, domin yana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, babu kuwa adadin folik da zai wanke ta.

Darasi ga masu kiwon kaji

Mai kiwon kaji ba zai ɗauki lissafin alade ya ɗora wa kajinsa ba. Hanjin kaza gajere ne, abinci yana wucewa da sauri, abin da bakteriya ke ƙera mata bai taka kara ya karya ba. A ma'aunin NRC na 1994, kajin nama suna bukatar miligiram 0.55 a kilo, kusan ninki biyu na alade mai tasowa. Rashinsa yana kawo rashin girma, da lalacewar gashi, da karkacewar ƙafa. Ga kajin da ake ajiyewa don ƙwan ƙyanƙyasa, ƙarancinsa yana sa ɗan tsako ya mutu a cikin ƙwai. Ƙa'idar dai ɗaya ce a dukkan dabbobin: inda ake ƙera sabon rai, nan ne bukatar ta fi yawa.

Abin da mai saye da mai sayarwa za su kiyaye

Mai sayen firimis ya karanta takardar da ke jikin buhu, ya ga wace dabba aka yi wa shi, da adadin da za a zuba a tan, da ranar da aka yi shi da ranar da zai daina aiki, da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ya kuma lura ko adadin folik ɗin da aka rubuta na kowane kilo na firimis ne ko na dukkan kilo 2.5, domin a nan ake yawan ruɗewa. Idan an rubuta miligiram 1,000 a kilo 2.5, to abincin da aka haɗa zai sami miligiram 1 a kilo, ban da na hatsi.

Ya sayi abin da zai ƙare cikin wata biyu ko uku, ya ajiye shi a ɗaure, a inuwa, a kan katako. Wajen haɗawa kuma a fara cuɗa firimis ɗin da ɗan garin masara, sannan a zuba a cikin sauran, domin abin da ake aunawa da giram ba ya bazuwa a cikin tan guda da juyin shebur biyu.

Mai kanti shi ma yana da riba a cikin gaskiya. Wanda ya sayar wa mai kiwo abin da bai ƙara masa komai ba, ya ci kasuwar rana ɗaya. Wanda ya tambaye shi ko iyaye yake ciyarwa ko masu tasowa, ya ba shi abin da ya dace, ya sami abokin ciniki na shekaru.

Ga mai neman ƙarin haske, masana ba su yi nisa ba. Akwai Kwalejin Aikin Gona a Lafiya, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a Shika kusa da Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom. Ma'aunan NRC an fitar da su ne daga dabbobi da hatsin Amurka, saboda haka mai babbar gona zai amfana idan ya kai samfurin dusarsa da tunkuzarsa aka auna masa abin da ke ciki kafin ya tsayar da tsarin haɗi. Kuɗin awo ɗaya bai kai asarar tan guda na abincin da aka haɗa bisa zato ba.